BA GIRIN-GIRIN BA, TA YI MAI

Ko wace shekara ƙungiyar ƙasashe masu sayar da man fetur, wadda a ke kira OPEC, ta kan fitar da wani littafin lissafi daga ofishinta na birnin Biyana. A cikin littafin nan akwai wani shafi wanda ya fi sauran duka suna, watau shafin da a ka jera ƙasashe bisa ga yawan man da ko wace ta ke da shi kwance a ƙarƙashin ƙasa. Da zarar ya fito sai jaridu su kwafa, gidajen rediyo su karanta, samari kuma su yi ta aika wa juna ta waya. A lissafin shekarar 1960 ko na 1970 da Saudiyya da maƙwabtanta ne ke kan gaba. Amma a lissafin 2023 ƙasar Benezuwela ce ta fari, da ganga biliyan 303. Saudiyya na bin ta da biliyan 267. Nijeriya kuwa tana can ƙasa da wajen biliyan 37. Wannan jeri, da irin lissafin da mutane su kan gina a kansa, su ne za mu duba yau, mu ga inda su ka yi daidai, mu ga kuma inda su ke ɓad da mai karatu.

Abin da ya jawo hankalina ga zancen ya faru ne wata safiya a teburin mai shayi a Kakuri. Wani saurayi mai ilmi ya ciro wayarsa, ya karanta wa jama'a jerin, sa'an nan ya yi lissafi nan take. Ya ce idan a ka sayar da ko wace ganga dala 70, to man Benezuwela ya kai dala biliyan 21,000 da ɗoriya, namu kuwa bai wuce biliyan 2,600 ba. Ya ce ashe sun fi mu arziki ninki takwas, ya kuma ce da a ce mu ke da wannan rijiya da ba sauran talaka a Nijeriya. Akwai wani dattijo a gefen benci, wanda ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa tun kafin a rufe ta. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, man ƙasar nan da ka ke faɗi, ai har nan garin a ka riƙa kawo shi. Ni na ga zamanin. Yanzu ina ya ke?" Saurayin ya ce, "Baba, ai ni lissafi na yi." Dattijo ya ce, "Na ji lissafinka, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ina ganin dattijon nan ya fi saurayin gaskiya, ko da ya ke ninkawar saurayin daidai ta ke. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da jerin ya ke ƙidayawa

Da farko ya kamata mu san awon. Gangar da a ke auna ɗanyen mai da ita tana cin lita 159, watau kusan garwa tara ta kananzir. Ba ta kai duro ba. Biliyan kuwa shi ne miliyan dubu. Man da a ke sa wa cikin jerin nan ba dukan man da Allah Ya halitta a ƙasar ba ne. A ƙa'ida shi ne man da masana su ka tabbatar yana nan, kuma za a iya fid da shi da injunan da a ke da su, a sayar a ci riba bisa ga farashin zamanin. To, ka ga ke nan tun daga ma'anarsa lissafin yana rataye ga farashi. In kuɗin mai ya tashi, rijiyar da a ka raina jiya ta shiga lissafi. In ya faɗi, ya kamata a cire ta.

Mu ba jerin haƙƙinsa. Yana nuna wa mutum inda mai ya taru a duniya, yana kuma nuna cewa kyautar Allah ba ta zo daidai ga kowa ba. Ɗan makaranta da ma'aikacin gwamnati duk suna bukatar wannan sani. Laifinsa shi ne ba ya faɗin yadda a ka sami adadin. OPEC ba ta aika mutanenta su shiga rijiyoyi su auna. Ko wace ƙasa ita ke kawo nata adadi. Kamar a ce a tara manoman gari, kowa ya faɗi damin da ke cikin rumbunsa, ba wanda ya leƙa rumbun wani, sa'an nan a rubuta a manna a ƙofar kasuwa.

Dubi yadda adadin Benezuwela ya yi tsalle. A 2005 wajen ganga biliyan 80 su ke faɗi. A 2010 sai ga shi ya kai biliyan 296, har ya wuce na Saudiyya. Ba wata sabuwar rijiya a ka yi tuntuɓe da ita ba. Akwai wani yanki nasu a gefen kogin Orinoko, wanda tun da daɗewa a ka san cike ya ke da wani irin mai mai kauri ƙwarai. Da ba a lissafa shi, don wahalar fid da shi ta fi ribarsa. Da farashi ya hau a zamanin Shugaba Hugo Chabes, har ganga ta kai dala 147 a watan Yuli 2008, sai gwamnatinsu ta shigar da shi cikin lissafi. To, da farashi ya faɗi ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ka ji an rage adadin? Ba a rage ba. Mu ma namu adadin ya tsaya wajen biliyan 37 tun daga 2008, alhali ko wace rana ana ɗiba. Gaskiya ne a kan gano sababbin rijiyoyi su maye abin da a ka ɗiba. Amma rumbun da a ke ci daga cikinsa shekara goma sha biyar, bai ragu ba bai ƙaru ba, ai mai hankali ya tambaya a nuna masa awon.

Mai ba iri ɗaya ba ne

Kuskure na biyu shi ne saurayin nan ya sa wa ko wace ganga kuɗi ɗaya. Babu ɗan kasuwan da zai sayi buhun gero mai tsakuwa a kan kuɗin wanda a ka rairaye. Ɗanyen mai ma haka ya ke. Akwai mai tsinkewa, akwai mai kauri. Masana suna da ma'aunin da su ke gwada wannan, wanda a cikinsa ruwan sha ya ke a lamba 10, kuma yadda lamba ta yi sama haka man ya ke da tsinkewa. Man da a ke lodi a tashar Bonny ya wuce lamba 30. Na Orinoko yana tsakanin 8 da 10, watau nauyinsa ɗaya da ruwa ko ya fi. Kamar kwalta ya ke, ba ya gudu cikin bututu sai an sirka shi.

Akwai kuma zancen farar wuta. Man Nijeriya yana da ita kaɗan ƙwarai, na Orinoko kuwa da yawa. Farar wuta tana cin ƙarfen injuna, hayaƙinta yana ɓata iska, cire ta kuma aiki ne mai tsada. Saboda haka mai tace mai a Turai ya kan ƙara kuɗi a kan man Nijeriya, don da ɗan aiki kaɗan zai sami fetur da kananzir da gas masu yawa. Man Benezuwela mai kauri kuwa sai an yi ragi mai yawa kafin a saye shi, kuma ba ko wace matata ke iya sarrafa shi ba. Yawancin masu iyawa suna gaɓar tekun kudancin Amurka, da Sin, da Indiya.

Ga abin mamaki. Ƙasar nan da ta fi kowa mai a takarda, a 2014 sai da ta sayo ɗanyen mai mai tsinkewa daga Aljeriya, a 2016 kuma daga Amurka, don ta sirka nata ya shiga bututu. Ashe kafin ta sayar da ganga sai ta sayi wata. Wannan kuɗi bai fito a jerin OPEC ba, bai kuwa fito a lissafin saurayinmu ba.

Inda mai biyu su ka haɗu

Kada mai karatu ya ɗauka man Nijeriya ya fi ta ko wace fuska. Amsar wannan tana nan kusa da mu, ba sai mun haye teku ba. In ka haye gadar kogin Kaduna ka yi kudu, ka bi hanyar Kaciya, ka wuce Sabon Tasha, za ka hango dogayen bututun hayaƙi da manyan tankuna wajen Rido. Ita ce matatar man Kaduna. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, a ka buɗe ta a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da fari tana iya tace ganga 100,000 a rana, daga baya a ka ƙara ta kai 110,000. Babu rijiyar mai ko ɗaya a kusa da ita. Ɗanyen man ta bututu ya ke zuwa, daga Eskarabos ta kan Warri, tafiyar da ta fi kilomita 600.

An raba matatar kashi biyu. Kashi ɗaya yana tace man Nijeriya, ya fid da fetur, da kananzir, da gas. Kashi na biyu an gina shi don ya fid da man shafawa na injin, da kakin da a ke yin kyandir, da kwaltar shimfiɗa hanya. To, man Nijeriya bai dace da wannan aiki ba. Tsinkewar da ta sa ya ke da daraja a kasuwar fetur ita ce ta rage masa amfani a nan. Don haka tun daga tushe a ka tsara kashin nan a kan man da za a sayo daga waje, daga Benezuwela, ko Kuwaiti, ko Saudiyya. Na Benezuwela da a ka riƙa kawowa daga yankin tafkin Marakaibo ya ke, ba na Orinoko ba. Jirgin ruwa ya ƙetaro da shi tekun Atalantika, a sauke a gaɓarmu, a tura shi cikin bututu har ƙasar Kaduna. Abin da dattijon nan ya ke nufi ke nan.

Ka ga a cikin shinge ɗaya, a rana ɗaya, man Nijeriya ya fi daraja a wannan ɓangare, man Benezuwela ya fi daraja a wancan. Mai son fetur ya nemi namu, mai son kwalta ya nemi nasu. Wanda ya tambaye ka wanne ya fi, sai ka tambaye shi aikin da za a yi da shi. Da gatari da allura duka ƙarfe ne, ba a auna su a sikeli a ce wanda ya fi nauyi ya fi amfani.

Matatar nan ba fetur kaɗai ta ba Kaduna ta kudu ba. Tun kafin a gina ta Kakuri da Makera sun zama unguwannin masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, United Nigerian Textiles da Arewa Textiles su ka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a 1975. Masaƙu suna bukatar baƙin mai don tukwanen da ke dafa musu tururi, matata kuwa tana fid da shi a bakin ƙofarsu. A 1988 a ka ƙara mata sashen da ke yin sinadarin da a ke haɗa garin sabulu da shi. Akwai wurin ƙera duro da gwangwani. Direbobin tanka, da makanikai, da masu tuwo, da masu gidajen haya a Sabon Tasha da Narayi da Television, duk daga nan su ke ci. Auduga ta zo daga Funtuwa da Gusau, mai ya zo daga Warri da Marakaibo, su haɗu a hannun ma'aikaci su zama atamfa. A nan ne gangar mai ta zama tuwo a akushin talaka.

Daga baya abin ya juya. Gyaran da ya kamata a riƙa yi wa injuna a kan kari ya riƙa jinkiri. Ɓarayi su ka yi ta fasa bututu. Baƙin mai ya yi wuya ya yi tsada, wutar lantarki ba ta zama ba, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, dubban ma'aikata su ka koma gida. Da kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, ya buga lissafin kuɗinsa na 2018, sai a ka ga matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba a shekarar, alhali ta yi hasarar wajen naira biliyan 64. A watan Fabrairu 2023 a ka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyara ta a kan dala miliyan 740, amma shekarar 2024 ta ƙare ba ta koma tace mai ba.

To, lura da wannan. A duk shekarun nan da Kakuri ta ke yin shiru, adadin man Nijeriya a jerin OPEC bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi bisa ga na 1980. Na Benezuwela ya ninka har sau da yawa. Lissafin da ya ke hawa sa'ad da ma'aikaci ya ke rasa abinci, wannan lissafi ba arzikin ma'aikaci ya ke aunawa ba.

Ƙwai a baka

Kuskure na uku shi ne mantawa da lokaci. Saurayinmu ya yi lissafi kamar za a kwashe man duka a kai kasuwa ran Laraba. Mai kuwa ɗigo-ɗigo a ke fid da shi, gwargwadon rijiyoyi, da famfuna, da ma'aikatan da a ke da su. Ƙasar da ke fid da ganga miliyan ɗaya a rana, kafin ta ƙare biliyan 303 sai ta yi shekara fiye da 800. Wa zai ba ka bashi a kan hatsin da za a girbe bayan shekara 800? Wa ya san ma ko jikokin jikokinmu za su bukaci fetur, tun da yanzu ga motoci masu aiki da batir sun fara yawa a Sin da Turai? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Benezuwela ta riga mu shiga wannan sana'a da nisa. Sun sami mai a 1914, mu kuwa sai 1956 a Oloibiri, a ka fara fita da shi waje a 1958. Suna cikin ƙasashe biyar da su ka kafa OPEC a Bagadaza a 1960, mu mun shiga a 1971. A 1976 su ka karɓe harkar daga hannun kamfanonin waje, su ka kafa nasu mai suna PDVSA, wanda a wani zamani a ke yabon ƙwarewarsa ko ina. A ƙarshen shekarun 1990 suna fid da fiye da ganga miliyan uku a rana. Amma bayan yajin aikin 2002 zuwa 2003 gwamnati ta kori ma'aikatan kamfanin wajen 18,000, a cikinsu har da injiniyoyin da su ka san rijiyoyin kamar yunwar cikinsu. Kuɗin da ya kamata a mai da cikin gyaran injuna a ka kashe shi a wasu wurare. Farashi ya faɗi a 2014, bashi ya yi yawa, Amurka ta ɗora wa kamfanin takunkumi a 2019. Zuwa tsakiyar 2020 abin da su ke fitarwa ya koma ƙasa da ganga rabin miliyan a rana. A shekarar ne a ka ga jiragen ruwa daga Iran suna kawo musu fetur, mutane suna kwana a layin gidan mai. Kuɗinsu ya lalace har sai da a ka goge sifiri daga jikinsa sau uku, a 2008 da 2018 da 2021, jimla sifiri 14. Mutum fiye da miliyan bakwai su ka bar ƙasar don neman abinci. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ba don mu yi musu dariya na kawo wannan ba. Wanda ya taɓa kwana a layin mai a Barnawa ko Kakuri ba shi da bakin dariya. Mu ma a 2005 muna fid da wajen ganga miliyan biyu da rabi a rana, a watan Satumba 2022 sai ga mu ƙasa da miliyan ɗaya, saboda sata da fasa bututu. Muna da matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, amma shekara da shekaru muna sayar da ɗanye muna sayo tatacce daga Turai, har sai da matatar Ɗangote ta Ikko ta fara fid da fetur a 2024. Su mai ya sa sun yi sakaci da koko da gahawa, mu ya sa mun yi sakaci da gyaɗa da auduga da manja. Cutar ɗaya ce, tasu dai ta riga tamu yin tsanani. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Baki nawa ke jira

Saura abu guda wanda jerin ba ya faɗi, watau yawan masu cin tuwon. Damin gero ɗari a gidan mutum biyar wadata ne, a gidan mutum hamsin kuwa ba ya kai damina. Mutanen Benezuwela ba su kai miliyan 30 ba, mu mun wuce miliyan 200. In a ka raba man da ke ƙasa bisa kawuna, ɗan Benezuwela zai tashi da ganga fiye da 10,000, ɗan Nijeriya ba zai sami 200 ba. A nan ratar ta fi ninki hamsin, ta wuce ninki takwas ɗin da saurayinmu ya faɗi. Amma da ratar takwas da ta hamsin duk ba su hana 'yan Benezuwela barin gida ba.

Mu yi namu lissafin, mu ga abin da zai koya mana. A ce muna fid da ganga miliyan ɗaya da rabi a rana. In a ka raba wa 'yan Nijeriya duka, kowa zai sami wajen lita ɗaya ta ɗanyen mai a yini. A farashin dala 70 wannan bai kai rabin dala ba, tun ba a cire kuɗin haƙa da rabon kamfanoni ba. Wannan shi ne iyakar arzikin man da mu ke ta faɗa a kansa. Bai isa ya ciyar da mutum yini guda ba. Amma in a ka tara shi wuri ɗaya a ka riƙe amana, ya isa ya gina makaranta, da asibiti, da hanyar jirgi, da wutar lantarkin da masaƙa za ta tashi da ita. Ƙasar Norwe, wadda man da ke ƙasarta bai kai rubu'in namu ba, ta kafa asusu a 1990 tana zuba kuɗin mai a ciki, a 2017 abin da ke cikinsa ya wuce dala biliyan 1,000. Sunanta yana can ƙasa a jerin masu mai, amma babu wanda ya ji mutanenta suna gudun yunwa.

Zancen nan ya shafe mu 'yan Arewa ƙwarai. A watan Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai. Jama'a su ka yi murna, murnar kuwa ba laifi ba ce. Sai dai tun daga ranar na fara jin irin lissafin saurayin nan a bakin mutane, ganga kaza sau dala kaza, shi ke nan Arewa ta huta. Kafin mu kai can, mu tuna muna da matata a kudancin kogin Kaduna wadda a ka kawo mata mai daga nahiya biyu, mu ka kasa riƙe ta tana aiki. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe ƙaramar matata a Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 kacal a rana, har a ka riƙa shigo da fetur ɗinta ƙasashen Katsina da Kano. Ƙaramar da ke aiki ta ciyar da babbar da ke kwance.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ran da a ka sake karanta maka jerin nan, ka saurara, don akwai gaskiya a cikinsa. Sa'an nan ka yi tambayoyinka. Wa ya auna? Wane irin mai ne, nawa kuma a ke kashewa kafin ganga ta fito? Nawa a ke fitarwa a rana, mutum nawa ke jiran ta? A ina a ke tace ta, su wa ke samun aiki? Kuɗin da ya shigo, wa ke riƙe da shi, a wane littafi a ka rubuta? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi shafarka, don ita ce ka ke da ikon yi wa wakilinka sa'ad da ya zo neman ƙuri'a. Amfanin koyon karatu ke nan, mutum ya iya duba lissafi da idonsa, kada a ruɗe shi da yawan sifiri.

Da a ka tashi daga teburin shayi, saurayin nan ya bi dattijon ya ce, "Baba, to wace ƙasa ce ta fi arzikin mai?" Dattijo ya nuna masa wajen rufaffiyar ƙofar masaƙar da ya yi wa aiki, ya ce, "Ran da ka ji jiniyar wurin can ta yi kuka da asuba, mutane suna gudu kada su makara, ka zo ka sake tambayata." Allah Ya nuna mana ranar, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.